Kafaɗar Ari

Ni ne na yi kuskure, ba Ari ba, ba kuma Turkawan da suka koya mana aiki ba. Mutanen Gashua da Nguru sun sha jin labarin tafiyarmu daga bakina, kuma kullum idan na zo wurin da ya shafe ni sai in tsallake. A wannan karon ba zan tsallake ba.

Mu huɗu ƙungiyar manoman rani ta tura ƙasar Turkiyya mu koyi haɗa famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana, don a riƙa kawo kayan a warwatse muna haɗawa a gida. Ni Garba, bakaniken injin ban ruwa ne daga Gashua. Ni ne babba a shekaru, ni kaɗai kuma na gama sakandare, shi ya sa aka ce ni ne shugaba kuma tafinta. Sai Ari, mutumin Nguru, magidanci mai iyali, wanda ya fi mu duka iya aikin hannu, bahago ne kuma tun haihuwa. Sai Musa da Bukar, 'yan ƙungiya daga wajen Jakusko.

A Istanbul aka fara koya mana hankali. Muna fitowa daga filin jirgi wani mutum mai gemu ya yi mana sallama da Larabci mai daɗi, ya ce kamfani ne ya aiko shi. Ya karɓi jakar Bukar don ya taimaka, ya zaunar da mu a wani benci, ya ce bari ya kawo mota. Har yau bai kawo ba. A cikin jakar nan busasshen kifinmu yake, da kuka, da daddawa, da yaji, duk guzurin da matanmu suka haɗa mana. Bukar ya zauna ya riƙe kai. Ari ya dube shi ya ce, "Bukar, ka yi masa addu'a. Allah ya sa matarsa ta iya kaɗa miyar kuka, kar kifin Gashua ya tafi a banza."

Dariyar da muka yi ce ta tashe mu daga bencin. Da tambaya da nuni muka sami tashar bas ɗin Konya, garin da masana'antar da za ta koya mana aikin take. Hanya ce mai tsawo, sanyi kuma yana shigowa ta ƙasan takalmi. Wata tsohuwa da ke gefenmu ta ga ba mu ci komai ba, ta buɗe ƙunshinta ta rarraba mana burodi da zaitun. Ba mu ji maganarta ba, ba ta ji tamu ba, sai dai ta riƙa dafa ƙirji tana murmushi. Musa ya tauna zaitun ya yamutsa fuska, amma ya haɗiye saboda tana kallonsa.

A Konya aka ba mu ɗaki mai ɗumi kusa da masana'anta. Abinci akwai, amma ba yaji. Duk miyar da aka kawo sai ta tuna mini da wadda babu. Mai dafa abincin ma'aikata, wani dattijo mai ƙaton gashin baki, ya lura muna juya cokali, sai ya fara ajiye mana ɗan kwano na jajjagen barkono a ƙarƙashin kanta. Idan ya hango mu sai ya ɗaga gira ya nuna wurin da haɓa.

Shugaban sashenmu suna ce masa Usta, wato gwanin aiki. Ya kai mu wani dogon tebur na ƙarfe da aka raba gida huɗu, kowa da wurin tsayawarsa. Aiki yana tafiya daga dama zuwa hagu. Bukar ya jera ƙananan kaya, Musa ya sa fanka da boris ɗin da take juyawa a kai, Ari ya haɗa kan famfon da injinsa ya ɗaure notuna, ni kuma a ƙarshe in duba in ɗora a kan bel mai jan kaya ya wuce wurin gwaji. Ni na zaɓi wurin ƙarshe da kaina, don na ga shi ya dace da babba. Abin da ke fitowa daga hannun Ari shi ne mai nauyi, ya kai tulun da aka cika da ruwa.

Ari yana tsaye a damata, wato hagunsa ne ke wajena. Ranar farko ya gama ɗaure famfo, ya turo mini shi da hannun hagu, kamar yadda Turkawan da ke sauran teburan suke yi. Raina ya ɓaci. Na bar famfon a inda yake, na ce, "Ari, ni za ka miƙo wa abu da hagu?"

Ya ce, "Ya Garba, teburin ne haka. Dubi kowa."

"Kowa ɗin nan a Nguru aka haife su? Don mun hau jirgi sai mu zubar da tarbiyya a sama? Ɗauke shi ka ba ni yadda ubanka ya koya maka."

A gaban Musa da Bukar na faɗa. Ari ya ɗaga famfon, ya murɗa jikinsa gaba ɗaya, ya tsallako da hannun dama ta gaban ƙirjinsa, ya ajiye mini. Na ce yauwa. Daga ranar haka ya riƙa yi, daga safe har a tashi, kullum. Ni ban ji komai a jikina ba, domin abin yana zuwa mini ta dama, hannu kawai nake sa wa. Har ina jin daɗi a raina cewa na riƙe mutanena a kan al'ada a ƙasar wasu.

Akwai wata mata a masana'antar da muke kira Injiniya. Ba ta haɗa famfo. Aikinta shi ne ta duba yadda tebur da kayan aiki suka dace da jikin mai aiki, ko tsayin tebur ya yi daidai, ko mutum yana sunkuyawa fiye da kima, ko yana miƙa hannu inda bai kamata ba. Da na fara jin haka na yi dariya, na ce wa su Musa a garinmu bakanike a ƙasa yake kwanciya cikin baƙin mai, ba wanda ya taɓa auna masa ƙasar. Takan zo lokaci lokaci ta tambaye mu da Turanci, tana taɓa wuyanta da kafaɗarta da ƙugunta, ko akwai inda ke mana ciwo.

Wata rana ta tambaya, Ari ya ce mini a hankali, "Ya Garba, gaya mata kafaɗata ta dama tana zafi. Kamar ana soka mini allura."

Na juya na ce mata kowa lafiya lau, mun gode. Da ta wuce na ce masa, "Kai, mu da muke noma a rana tun muna yara, ka zo nan ka ce wa mace kafaɗa? Idan suka ce ba mu iya ba suka mayar da mu, me za ka gaya wa ƙungiya?"

Ya ce, "To, Ya Garba."

Ta sake tambaya a wani zuwan, na sake ba ta amsar nan. Ita ma ba ta gane komai ba, domin duk lokacin da ta tsaya a kanmu sai in sa a dakata da aiki don girmama ta, ba ta taɓa ganin yadda Ari ke murɗawa ba.

Ari ya daina ba'a. Wannan ne ya kamata ya tsorata ni, amma na ɗauka kewar gida ce, tunda dukanmu tana damunmu. Idan muka kira gida, matata ta ce ruwan kogi ya fara ja da baya, masunta sun fito, sai in ji kamar in ajiye komai in tafi. Na ɗauka shi ma hakan ne.

Ranar wata Juma'a muka tafi masallaci, na tsaya kusa da Ari a sahu. Liman ya yi kabbara, kowa ya ɗaga hannu. Na ga hannun hagun Ari ya hau har kunne, na dama kuwa ya tsaya a wajen ƙirji, ya ƙi wucewa. Ya sa ƙarfi, fuskarsa ta canja, ya sauke. Ban san abin da liman ya karanta a sallar nan ba.

Washegari Ari yana murɗowa da famfo hannun ya sake. Famfon ya faɗi a ƙasa, murfinsa ya tsage, ƙarar ta sa duk sashen ya waiwayo. Aka kai Ari wurin likitan masana'anta. Likita ya ce jijiyar kafaɗar ta kumbura sosai, sai ya huta, kuma idan ya koma irin aikin da ya jawo haka hannun zai iya lalacewa gaba ɗaya. Usta ya kira ni gefe, ba da faɗa ba, ya ce watakila aikin ya fi ƙarfin abokina, gara a mayar da shi gida a turo wani. Ari kuwa da hannu yake ci da iyalinsa. Idan ya koma Nguru ba takardar shaida, ba kafaɗa, an gama da shi.

Na ce wa Usta ya ba ni zuwa gobe. Na fita na zagaya bayan masana'anta cikin sanyi ina ta shawara da kaina. Abin kunya, ko a lokacin ma abin da ya fi damuna shi ne yadda zan tsaya a gaban mace baƙuwa in ce na yi mata ƙarya. Da ƙyar na kai kaina ofishinta.

Na gaya mata komai da guntun Turancina. Na ce a wurinmu ba a miƙa wa mutum abu da hagu, balle babba. Na ce ni na tilasta shi. Na ce ya faɗi ciwon tun da wuri, ni na danne. Na tsaya ina jiran ta yi dariya ko ta yi fushi. Sai ta ce, "Nuna mini."

Muka je teburin. Na tsaya a wurin Ari, ta ce in yi yadda yake yi. Na ɗaga famfo, na murɗa, na tsallaka da hannun dama na ajiye. Ta ce in sake. Ban yi da yawa ba na ji wani abu yana ja daga wuyana har gadon baya, gumi ya keto mini cikin sanyin nan. Ta ce, "Wannan ka sa shi yi tun zuwanku."

Na ce to, zan gaya wa mutanena kowa ya riƙa turawa da hagu, a bar maganar al'ada. Ta girgiza kai. Ta ce idan an hana mu a nan, ranar da muka koma gida wani dattijo ya tsaya a ƙarshen tebur za mu koma gidan jiya, tunda abin a jininmu yake. Ta ce teburin za a gyara ya bi mu. Ta kuma ce ko da hagu ake turawa, bai kamata a ce mutum yana jan abu mai nauyin nan a kan ƙarfe duk yini ba, wannan gyaran nasu ne, sun daɗe suna ɗaga shi. Ta je ta sami Usta, suka yi ta magana da harshensu, hannuwa na tashi. Daga ƙarshe Usta ya zo ya dafa ni ya ce Ari zai zauna.

Makonnin da Ari ya yi yana jinya da hannu a rataye, a kan kujera ya yi su kusa da teburinmu, Injiniya tana tambayarsa, ni ina fassarawa. A wannan karon duk abin da ya faɗa shi nake faɗa, har wanda bai yi mini daɗi ba. Ta tambaye shi da wane hannu yake son riƙe na'urar ɗaure noti, ya ce hagu. Ta tambayi inda idonsa ke fara zuwa idan yana neman noti, ya nuna. Ta auna tsayin gwiwar hannun kowannenmu daga ƙasa. A nan na gane Bukar, da yake gajere, ya daɗe yana aiki da kafaɗu a ɗage, Musa kuma dogo yana sunkuye. Su ma ba su taɓa faɗa ba, don sun ga abin da ya sami wanda ya faɗa.

Aka juya teburin, aiki ya koma tafiya daga hagu zuwa dama. Aka shimfiɗa ƙananan bututu masu juyawa a tsakiya, famfo ya riƙa gangarawa a kansu da ɗan turi, ba mai ɗagawa. Kowane gida aka sa masa abin murɗawa da ke ɗaga shi ko sauke shi daidai tsayin mai shi. Na'urar ɗaure noti aka rataye ta da sifirin, wato murɗaɗɗiyar waya mai miƙewa, daga sama, ta wajen hagun Ari, idan ya sake ta sai ta koma da kanta. Akwatunan notuna aka karkato su gabansa, inda hannu ke kaiwa ba tare da miƙewa ba. Yanzu Ari zai ɗaure da hagunsa mai ƙarfi, ya turo mini da damansa da yatsu kawai.

Ranar da likita ya sake shi muka gwada, ya ɗaure na farko, ya taɓa shi, famfon ya gangaro ya tsaya a gabana. Ya leƙo ya ce, "Ya Garba, yanzu fa ta hagunka yake zuwa. Ko in kira Injiniya ta juya ka kai ma?"

Musa da Bukar suka fashe da dariya har Usta ya waiwayo. Na ce, "Ɗan Nguru, yi aikinka." Amma daɗin da na ji da dawowar bakin nan nasa, Allah kaɗai ya sani.

Ranar jarrabawa aka ba mu kaya a warwatse, aka ce mu haɗa, masu dubawa suna tsaye. Muka yi aiki ba mai haki, ba mai dafa ƙugu. Duk famfon da ya bar hannunmu ya je wurin gwaji ya feso ruwa, ko ɗaya ba a dawo mana da shi ba. Usta ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana girgiza mana hannu, da ya zo kan Ari ya rungume shi. Kafin mu taho mun ga an fara sa bututun nan masu juyawa a wasu teburan, wani Baturke mai ciwon baya ya zo har ɗakinmu da faranti na kayan zaƙi. Muka karɓi takardunmu mu huɗu cif, yadda muka zo.

Da muka dawo ƙungiya ta ba mu wani tsohon sito a Nguru. Wani mai walda daga Gashua ya ƙera mana teburin da bututun ruwa da tsofaffin boris na babur. Bai yi kyan na Konya ba, amma yana tafiya daga hagu zuwa dama, yana hawa yana sauka, ba kuma wanda ke ɗaga famfo a cikinsa. Bakanikai suna zuwa kallo, wasu su yi dariya, wasu su koma su ɗaga nasu bencin da bulo.

Duk wannan lokacin ban taɓa ba Ari haƙuri ba. Na gaya wa baƙuwa gaskiya a ƙasar da ba wanda ya san ni, amma na kasa buɗe baki ga mutumin da na cuta. Nakan saya masa man zafi, nakan ɗauke masa kaya, ina ganin ai ya gane. Shi kuma bai taɓa tayar da maganar ba, ko ga iyalinsa cewa ya yi faɗuwa ya yi. Hannun ya warke, yana aiki, amma idan gari ya yi sanyi ba ya hawa sama sosai.

Famfonmu na farko wata gonar albasa aka kai shi kusa da Jajimaji. Muka ɗora shi a bayan a-kori-kura, manoma suka biyo mu a babura. Aka kafa farantan sola, aka zura tiyo a rijiya, Ari ya haɗa waya. Famfon ya yi ɗan gurnani, sai ga ruwa ya yi tsalle ya cika kwalbatin farko ya bi layin albasa. Mutane suka ɗauki kabbara, mai gonar ya tsoma hularsa a ruwan ya mayar a ka. Shugaban ƙungiya ya ɗaga hannuna sama ya ce a gode wa Malam Garba, shugaban da ya kai mutanensa ya dawo da su lafiya.

Na hango Ari a bakin rijiya yana murmushi, yana tafi, hannu ɗaya yana zuwa ya sami ɗayan a ƙasa. Na zare hannuna daga na shugaba. Na ce a yi mini shiru kaɗan. Na taka cikin taɓo har inda Ari yake, na cire hulata, na durƙusa a gaban mutanen Nguru da na Gashua.

Ya ce, "Subhanallahi, Ya Garba, tashi, kayanka za su ɓaci."

Na ce, "Bari su ɓaci. Jama'a, ban dawo da shi lafiya ba. Kafaɗar nan ba faɗuwa ya yi ba, ni ne. Girman kai ya sa na tilasta masa aiki da hannun da ba nasa ba, ya ce mini yana ciwo na hana a ji, na kuma kunyata shi a gaban 'yan'uwansa. Ari, na cuce ka, na kuma daɗe ina sane ban faɗa ba. Don girman Allah ka yafe mini."